Siyasar "Namu Ne" Da Haɗin Gambiza: Nasiha Ga Matan Aure

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (S.W.T), Sarkin da mulkinSa ba ya ƙarewa, wanda ba a zaɓe Shi ba balle a tsige Shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa da matansa iyayen muminai, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a wannan fitowar, wani abu ne da na gani da idona a wani gidan suna a ƙasar Kibiya bayan zaɓen 2023. An yi taro, an yi girki, dangi sun zo daga Rano da Tarai da Bunkure, amma yayar maijego, uwa ɗaya uba ɗaya, ba ta leƙo ba, ko barka ba ta aiko ba. Da na tambaya sai aka ja ni gefe aka ce ai mazajensu ne suka ɓata a kan siyasa, ɗaya jar hula yake sawa, ɗayan kuwa yana wancan ɓangaren, shi ne gabar ta gangaro har ɗakunan matan. Da tafiya ta yi tafiya, wasu daga cikin manyan da aka yi gabar dominsu suka koma inuwa ɗaya, muka ji su a rediyo suna yabon juna. Su kuwa ya da ƙanwa sai da aka sa dattawa a tsakani kafin suka koma gaisawa. Haba jama'a! Wa gari ya waya?

Ƙungiyarmu ba ta wata jam'iyya ba ce, kuma ba zan ce miki ki zaɓi wane ko ki ƙi wane ba. Abin da nake so mu yi shi ne mu ɗauko maganganun da ake cika mana kunne da su duk kakar zaɓe, wato "namu ne", da "mu haɗu mu kayar da su", da "in aka yi zaɓe komai zai daidaita", mu ɗora su a kan ma'aunin addininmu mu ga nauyinsu.

KIRAN JAHILIYYA

Allah (S.W.T) Ya sanar da mu a Suratul Hujurati, aya ta 13, cewa tushenmu ɗaya ne, kuma hikimar rarraba mu dangi-dangi da ƙabila-ƙabila ita ce mu gane juna, girma kuwa a wurinSa da taƙawa ake samunsa. Saboda haka babu laifi mace ta ce ni Bahaushiya ce, ko Bafulatana, ko ni 'yar Rano ce, har ta ji daɗin cewa garinta na cikin Hausa Bakwai, kuma tun a tarihin kaka da kakanni ana lissafa Kano da Rano a matsayin sarakunan baba saboda rini. Son gida halitta ce. Inda ɓarnar take shi ne a mayar da wannan so ya zama ma'aunin gaskiya: in namu ne, ko ya ci dukiyar marayu a rufa masa asiri, in ba namu ba ne, ko yaya yake da kirki a nemo masa laifi. Wannan shi ne malamai ke kira asabiyya.

A lokacin yaƙin Banul Musɗaliƙ, wani saɓani ya shiga tsakanin mutum biyu a bakin ruwa, ɗaya daga ɓangaren Muhajirai, ɗaya daga ɓangaren Ansaru. Wannan ya ɗaga murya ya kira mutanensa, wancan ma ya kira nasa. Da Manzon Allah (S.A.W) ya ji, sai ya tsawatar, ya kira abin da suka yi kiran Jahiliyya, ya umarce su su bar shi domin abu ne mai ɗoyi. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito wannan daga Jabir ɗan Abdullahi (R.A). To 'yar uwa ki lura da kyau. Sunan Muhajirai da sunan Ansaru sunaye ne masu daraja, Allah da kanSa Ya yabi masu su a cikin Alƙur'ani. Amma da aka ɗauke su aka mayar da su gangar yaƙi tsakanin Musulmi, sai suka zama abin ƙyama. To ina ga Bahaushe da Bafulatani? Ina ga Kano ta Kudu da Kano ta Tsakiya? Sannan ki duba wanda ya yi wuf ya nemi cin ribar rikicin: shugaban munafukai ne, Abdullahi ɗan Ubayyu, har ya furta mummunar maganar da Allah Ya tona a Suratul Munafiƙun. Ko da yaushe haka abin yake, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haka nan lokacin da wata mata daga babban gidan Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka ga abin kunya ne a hukunta 'yar dangi, suka tura Usama ɗan Zaidu (R.A) ya roƙa mata sassauci. Fuskar Manzon Allah (S.A.W) ta canza, ya yi huɗuba ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale mai gata da hukunta mara gata, har ya rantse cewa ko 'yarsa Nana Faɗima (R.A) ce ba zai ɗaga mata ƙafa ba. In dai "tamu ce" ba ta yi aiki a gidan Annabi ba, a gidan wa za ta yi?

A 'yan shekarun nan wata sabuwar fitina ta kunno kai a wayoyinmu. Ana ta yawo da muryoyi da hotuna a WhatsApp da Facebook da TikTok, wai sai an raba Bahaushe da Bafulatani, wai wannan ne ya cuci wancan tun shekara ɗari biyu. Yo mu nan ƙasar Rano da Kibiya, in aka ce a raba, wa za ki kora? Kakarki ta wajen uwa ko ta wajen uba? Mai nonon da take shigo miki gida kullum hantsi, kuna ciniki kuna bashi kuna zuwa bikin juna, ita ce abokiyar gabar? Ba na musun cewa akwai rikicin manoma da makiyaya, akwai kuma ɓata-gari masu ɗauke da makami. Amma shari'a mai laifi take kamawa, ba ta kama yarensa. Haka maƙwabtanmu na wasu ƙauyuka waɗanda ba Musulmi ba, Suratul Mumtahana aya ta 8 ta bar mana ƙofar kyautata musu da yi musu adalci a buɗe, matuƙar zaman lafiya muke yi. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi gargaɗi a littafinsa Bayanu Wujubil Hijra cewa fifita wata ƙabila a kan wata na cikin abubuwan da ke saurin rusa daula.

Kuma mu Kanawa mun taɓa nuna wa duniya cewa mun fi ƙarfin wannan tarko. A zaɓen 12 ga Yuni, 1993, Alhaji Mashood Abiola, Bayarabe daga Abeokuta, ya samu ƙuri'u a jihar Kano fiye da Alhaji Bashir Tofa wanda yake ɗan gida.

Na san za a ce mini, to Malama, ƙorafin Kano ta Kudu fa? Mun saba jin ana cewa tun bayan Kabiru Gaya a 1992 yankinmu bai sake ba da gwamna ba, ga kuma masu fafutukar a ƙirƙiro jihar Tiga. Neman haƙƙi halal ne, kuma wanda ya ga an bar yankinsa ba hanya ba asibiti ba ruwa ya yi magana bai yi laifi ba. Amma ku tuna madatsar ruwa ta Tiga da ke kusa da mu, wadda aka kammala a 1974, wadda da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Bunkure da Kura, marigayi Audu Baƙo ne ya gina ta. Ba ɗan Rano ba ne, ba ɗan Kibiya ba, a Kaduna ma aka haife shi. Yau sama da shekara hamsin ana cin arzikinta ana yi masa addu'a. Mu nemi namu in ya cancanta, amma mu sani zamansa namu kaɗai ba ya gina ko kwalbati.

HAƊAKA IRI BIYU CE

Idan zaɓe ya ƙarato sai ki ji an fara maganar maja da ƙawance da haɗaka. Shin haɗa kai laifi ne? A'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma Suratul Ma'ida aya ta 2 ta raba mana taimakekeniya gida biyu, akwai wadda aka umarce mu da ita ta alheri da taƙawa, akwai wadda aka hana mu ta saɓo da ƙetare iyaka.

Misalin ta farko shi ne Hilful Fuduli. Kafin aiko Manzon Allah (S.A.W), wani baƙo daga ƙabilar Zubaid ta ƙasar Yaman ya kawo haja Makka, wani babban mutum mai suna Asi ɗan Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Baƙon ya yi kururuwa. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an suka yi alƙawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har sai an mayar masa da haƙƙinsa. Suka je suka karɓo wa baƙon nan kayansa daga hannun ɗan uwansu. Manzon Allah (S.A.W) ya halarci wannan zama yana matashi, kuma bayan annabci ya yabe shi, ya nuna cewa da za a sake kiransa zuwa ga irinsa zai amsa. Kin ga wannan haɗaka ce da aka gina a kan manufa, kuma wanda ta fara takawa ɗan gida ne.

Ta biyun kuwa, ku mata kun fi kowa saninta. Kishiyoyi biyu ne da ba sa ga-maciji da juna, shekara goma ko gishiri ba sa ara wa juna. Ranar da aka ce maigida zai ƙaro ta uku, sai ki gan su a ɗaki ɗaya ana ƙus-ƙus ana "Yaya" ana "Ƙanwata". In sun yi nasara amarya ta fita, kafin sati ya zagayo an koma gidan jiya, domin ba so ne ya haɗa su ba, ƙin wata ce. Wannan shi ne haɗin gambiza, kuma tarihin siyasarmu cike yake da shi.

A zaɓen 1964 ƙasar nan ta rabu gida biyu. NPC ta su Sardauna ta haɗa kai da jam'iyyar Akintola aka kira su NNA, ita kuwa NEPU ta Malam Aminu Kano ta shiga ƙawancen UPGA tare da NCNC da AG. Aka yi zaɓe cikin ƙauracewa da zargin maguɗi, zukata suka ƙara nisa da juna. Ranar 15 ga Janairu, 1966 sojoji suka yi juyin mulki, aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello tare da uwargidansa Hafsatu. Daga nan ƙasa ta gangara zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

A jamhuriya ta biyu, iyayenmu ba za su manta da Santsi da Taɓo ba. PRP ta ci Kano a 1979, Alhaji Abubakar Rimi ɗan Sumaila ya zama gwamna. Da shi da Alhaji Balarabe Musa na Kaduna suka shiga tafiyar gwamnonin adawa ta ƙasa, abin da ya jawo jam'iyyar ta dare gida biyu, 'yan Taɓo suna tare da Malam Aminu, 'yan Santsi suna tare da gwamnoni. Mutanen da suka sha ɗauri tare a zamanin NEPU suka koma jifan juna da baƙaƙen maganganu. A 1983 Rimi ya koma NPP ya sha kaye a hannun Alhaji Sabo Bakin Zuwo, wata uku bayan rantsuwa sojoji suka kwashe kowa da kowa.

Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ɗanɗana. A 1993 jam'iyyu suka haɗu a ƙawancen AFC don su hana MNSD ta Tandja Mamadu mulki. Suka ci, Mahamane Usman ya zama shugaban ƙasa, Mahamadu Isufu ya zama firayim minista. A 1994 suka yi baran-baran, gwamnati ta kasa motsi, a watan Janairun 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki.

Ta kusa-kusa ita ce wadda muka gani da idonmu. A 2013 jam'iyyun ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC, a watan Nuwamban shekarar gwamnonin PDP biyar suka bi su, ciki har da Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso. Nan take gida ya yi wa wasu ƙunci, Malam Ibrahim Shekarau ya fice a farkon 2014. A 2015 Kano ta ba Janar Muhammadu Buhari ƙuri'a sama da miliyan 1.9, mu mata muka yi dogayen layuka da goyo a baya. Amma tun a 2016 aka raba gari tsakanin Kwankwaso da Dakta Abdullahi Umar Ganduje, mutanen da suka yi gwamna da mataimaki har sau biyu, jihar ta rabu Kwankwasiyya da Gandujiyya. A watan Yulin 2025 kuma wasu manyan 'yan adawa suka sanar da haɗuwa a inuwar ADC, cikinsu akwai waɗanda da su aka yi tafiyar da ta kayar da PDP a 2015.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, ban ce adawa haramun ce ba. Sayyidina Abubakar (R.A) a huɗubarsa ta farko bayan an yi masa mubaya'a shi da kansa ya nemi a gyara masa in ya karkace. Shugaban da ba mai ce masa ka yi kuskure, shi da talakawansa duk suna cikin hatsari. Abin da nake cewa, duk haɗakar da aka kawo miki, ta masu mulki ce ko ta 'yan adawa, ki yi mata tambaya ɗaya: in aka cire mutumin da suke so su kayar, me ya rage a tsakaninsu? In akwai manufa a fili kan tsaro da makaranta da asibitin haihuwa da taki, to a saurare su. In kuwa babu, zaman 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gaba, kuma ranar rabon kujeru za a ji kansu.

DARASI DAGA ƘOFAR GIDANMU

Ba sai mun je da nisa ba, mu dubi masarautar Rano. A 1981 gwamnatin Rimi ta ɗaga darajar wasu masarautu, ciki har da Rano da Gaya da Ƙaraye da Dutse. A wannan shekarar, ranar 10 ga Yuli, tarzoma ta ɓarke a birnin Kano a kan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. A 1983 Sabo Bakin Zuwo ya hau, ya soke masarautun. Bayan shekara 36, a watan Mayun 2019, gwamnatin Ganduje ta kafa masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye masu daraja ta ɗaya, Alhaji Tafida Abubakar Ila Autan Bawo ya zama Sarkin Rano mai sandar girma. Allah Ya yi masa rasuwa a watan Mayun 2020, Alhaji Kabiru Muhammad Inuwa ya gaje shi. Ranar 23 ga Mayu, 2024 gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf ta soke waccan doka, a watan Yulin shekarar kuma ta kafa masarautar Rano mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, aka naɗa Alhaji Muhammad Isa Umaru.

Ban kawo wannan don in ce wane ya yi daidai wane ya yi kuskure ba, iyayenmu sarakuna duk muna girmama su, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Abin lura shi ne, duk waɗannan sauye-sauye zaɓaɓɓun gwamnatoci ne suka yi su. A kafa, a rushe, a kafa, a rushe, a sake kafawa. Duk lokacin da aka juya, wasu na guɗa wasu na kuka, kuma masu guɗar da masu kukan gida ɗaya suke kwana, masallaci ɗaya suke sallah, 'ya'yansu Islamiyya ɗaya suke zuwa. Abin da rinjaye kaɗai ya gina ba tare da an zauna da kowa an yi shawara ba, wani rinjayen na iya zuwa ya rushe shi. Shi ya sa Allah Ya yabi muminai da shawara a tsakaninsu a Suratush Shura, Ya kuma ba mu labarin sarauniyar Saba'i a Suratun Namli, wadda ba ta yanke hukunci sai ta tara manyan ƙasarta, kuma da suka nuna mata suna da ƙarfin yaƙi sai ta tuna musu irin ɓarnar da yaƙi ke yi wa garuruwa.

SHIN ZAƁE NA KAWO ZAMAN LAFIYA?

Gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗi alherin abin da sharrinsa. Tun 29 ga Mayu, 1999 farar hula ke mulkin ƙasar nan ba yankewa, ba a taɓa yin tsawon haka ba tun samun 'yancin kai a 1960. A 2003 gwamna mai ci ya faɗi zaɓe a Kano, Kwankwaso ya miƙa wa Shekarau mulki. A 2015 shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, ya buga waya ya amince da shan kaye tun kafin a gama sanar da sakamako. A sauke shugaba ba tare da an zubar da jini ba ni'ima ce babba, wanda ya rayu a zamanin juyin mulki ya san haka. Masu cewa gara soja kuwa su tuna yaƙin basasa a hannun soja aka yi shi.

Amma kuma ga ɗaya gefen. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Afrilun 2011 rikici ya ɓarke a jihohin Arewa, ciki har da Kano, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe sama da mutum 800. A watan Maris na 2019 mun ji abin da ya faru a mazaɓar Gama lokacin zaɓen cike-gurbi na gwamna. A watan Fabrairun 2023 an rasa rayuka a Tudun Wada, maƙwabciyarmu, a rikicin zaɓe. A watan Satumban shekarar, ranar da kotun sauraron ƙarar zaɓe ta yanke hukunci kan kujerar gwamna, sai da aka sa dokar hana fita a Kano, jama'a suka zauna cikin zullumi har zuwa hukuncin Kotun Ƙoli na 12 ga Janairu, 2024. Kuma an yi zaɓe bayan zaɓe, an sauya jam'iyya mai mulki, amma 'yan bindiga ba su fasa tayar da ƙauyuka a Zamfara da Katsina ba.

To ashe akwatin zaɓe tukunya ce, abin da aka zuba shi za a kwashe. In aka zuba gaskiya da amana a kwashe zaman lafiya, in aka zuba kuɗi da daba da ƙabilanci a kwashe fitina. Abin da ke zaunar da ƙasa shi ne adalci, wanda Allah Ya yi umarni da shi a Suratun Nisa'i aya ta 58 tare da mayar da amana ga masu ita. Malamai magabata sun sha faɗa, Shehu Usmanu ma ya nanata, cewa mulki na iya ɗorewa a hannun wanda ba Musulmi ba in yana adalci, amma ba ya ɗorewa a kan zalunci ko a hannun wa yake. Kuma in wuta ta tashi, 'yar uwa, wa ke kwana a ciki? Mu ne masu takaba, mu ne masu jinya a asibiti, mu ne masu zaryar kai abinci gidan yari. 'Ya'yan masu takara suna makaranta a Abuja ko a ƙasar waje, naki ne ake ba ƙwaya da gora.

ƘURI'ARKI SHAIDA CE

Malamai sun yi maganganu a kan hukuncin wannan tsari na dimokuraɗiyya, amma mafi yawan malamanmu na ƙasar nan sun tafi a kan a shiga a zaɓi wanda ya fi dama-dama, domin barin fagen ga miyagu ya fi cutarwa. Kuma neman ra'ayin mace a sha'anin shugabanci ba baƙon abu ba ne. Malaman tarihi irin su Ibnu Kasir sun kawo cewa lokacin da aka ɗora wa Abdurrahman ɗan Aufu (R.A) nauyin tantance halifa bayan Sayyidina Umar (R.A), ya yi kwanaki uku yana bin mutanen Madina yana jin ra'ayinsu, har da mata a cikin gidajensu. Mu nan Arewa sai a 1976 aka fara ba mata damar jefa ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan zaɓen ƙasa a 1979, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha duka da ɗauri a kan haka.

Idan kika dangwala yatsa, kin shaida ne cewa wannan mutumin ya fi sauran cancantar riƙe amanar jama'a. Suratun Nisa'i aya ta 135 ta wajabta mana tsayuwa a kan shaidar gaskiya ko da za ta taɓa mu ko iyayenmu ko danginmu. Manzon Allah (S.A.W) kuma ya lissafa shaidar zur cikin mafi girman zunubai, yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta maimaita ta. A wani hadisin na Bukhari da Muslim ya ambaci mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama, cikinsu akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika alƙawari, in an hana shi ya warware. To ki auna wannan da taliya da sabulu da turmin atamfa da ake rabawa a ƙofar gida daren zaɓe. Na san halin da ake ciki, na san akwai gidan da taliyar nan ita ce abincin daren ranar, Allah Ya yaye mana. Amma taliya kwana ɗaya take yi, shi kuwa wanda kika ɗora shekara huɗu zai yi, kuma kuɗin taliyarsa daga kuɗin maganin asibitinku zai fanshe.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na farko, mu tsare zumunci. Suratu Muhammad aya ta 22 da ta 23 sun haɗa ɓarna a bayan ƙasa da yanke zumunta a wuri ɗaya, sun kuma yi narkon tsinuwa a kansu. Musulmi ba ya ƙaurace wa ɗan uwansa sama da kwana uku. In akwai wadda kika daina gaisawa da ita saboda hula ko tuta, ki ɗauki mayafinki ki je yau, ke ce da ladan fara sallama.

Na biyu, mu tsare 'ya'yanmu maza. Ki san inda ɗanki yake kwana a lokacin yaƙin neman zaɓe, ki san wanda ya saya masa sabuwar waya. In kin ga wuƙa ko gora ko ƙwaya a ɗakin samari, kada ki rufe don gudun abin kunya, ki gaya wa mahaifinsa tun da wuri. Kowace mace makiyayiya ce a gidan mijinta, kuma za a tambaye ta.

Na uku, mu tsare harshe da yatsa. Suratul Hujurati aya ta 6 ta umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari. Duk saƙon da ya zo miki yana zagin wata ƙabila ko wani yanki, ya mutu a wayarki. Kuma kada ki zagi wata ƙabila a gaban yara, abin da suka ji a tsakar gida da shi za su tashi.

Na huɗu, tsakaninki da maigida. Ki nemi izininsa kafin ki fita rumfar zaɓe, ki fita cikin hijabinki da kamun kai, ki dawo da wuri. Ku yi shawara cikin ladabi, wataƙila ya san abin da ba ki sani ba, ke ma wataƙila kin san abin da bai sani ba, kamar yadda Ummu Salama (R.A) ta ba Manzon Allah (S.A.W) shawarar da ta warware damuwa ranar Hudaibiyya. In ra'ayinku ya saɓa, kada ki mayar da abin rigima, aurenki ya fi kowace jam'iyya daraja. Amma ki sani shaida taki ce, ke za a tambaya a kanta. Ku ma iyayenmu maza da kuke leƙa wannan shafi, ku ji tsoron Allah, kada ku yi wa mace barazanar saki a kan ƙuri'a.

Na biyar, mu yi amfani da taronmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata a ɗakunansu. Mu ma muna da Islamiyyu da majalisun ta'alim daga Rurum har Kibiya. In ɗan takara ya aiko a tara masa mata, kada mu tsaya a guɗa da karɓar ambulan. A zauna a rubuta buƙatun unguwa: ungozoma a asibiti da dare, ruwan sha, malamai a makarantar 'yan mata. A karanta masa, a ajiye takardar, in ya dawo bayan shekara huɗu a fito masa da ita.

Ya Allah Ka haɗa zukatanmu kamar yadda Ka haɗa zukatan Ausu da Khazraju bayan doguwar gaba. Ya Allah Ka shugabantar mana da masu tsoronKa masu tausayinmu, Ka nisanta mu da waɗanda ba sa tsoronKa ba sa tausayinmu. Ka shirya mana zuri'a, Ka zaunar da ƙasar Rano da Kibiya da jiharmu da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, Ka ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mini. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.